Gorar Sanyi da Ɗan Dutsen Uwata

Inna Yalwa, ƙanwar kakata, ita ce ta fara ba ni labarin Birnin Raɓa, tun ina yarinya ina tsince mata tsakuwa a cikin gero. Allah ya haskaka kabarinta. Ta ce can bayan hamada, bayan kwazazzabo, bayan inda tsuntsu ke gajiya ya juyo, akwai birni a kan dutse inda maƙera ke matse iska har ta zama ruwa, su ɗura ta a gora. Ta ce abin da aka tsoma a ruwan nan ba ya ruɓewa, ba ya tsufa, barci kawai yake yi. Duk gari aka ce ruɗin tsufa ne. Ni ma na yi dariya. To ga shi na rubuta muku, jikokina, yadda ƙafata ta taka birnin nan, da abin da na ɗauko, da abin da na baro a hanya.

Ni ce Tasalla ta garin Marmaro, a Ƙasar Rana Biyu, inda in rana Babba na faɗuwa Ƙarama na fitowa, duhu bai samun wurin zama. Dabino ne abincinmu, dabino ne sana'armu. Kun san dabino akwai mace akwai namiji, kuma mace ba ta haihuwa sai an hau namiji an yanko furensa an kakkaɓe mata garin. Mu muna ce wa wannan aurar da dabino. Amma mutanen Marmaro akwai tsumulmular ruwa. Tulu ba ya wuni a buɗe a garinmu, toshe shi ake da itace a liƙe da kakin zuma, yaron da ya manta kuwa jikinsa zai gaya masa. Saboda wannan hali kakanninmu suka ce namijin dabino shan ruwa kawai yake ba ya 'ya'ya, suka sare su, suka bar 'yan ƙalilan. Wata shekara tsutsa ta shiga zuciyar 'yan ƙalilan ɗin. Kafin a farga babu namiji ko ɗaya a tsaye.

An shuka sababbi, amma ƙaramin dabino sai ya shekara da shekaru kafin ya yi fure, ciki kuwa ba ya jira. Maza sun je nesa sun yanko fure sun zuba a jakar fata, zafin rana biyu ya kashe garin tun ba su yi rabin hanya ba. Rumbuna suka yi ƙasa. Dattawa suka yanke cewa in furen baɗi ma ya zube a banza, kowa ya bi danginsa a watse. 'Yata Azumi, uwar wasunku, tana da cikin fari. Dangin mijinta gabas za su yi, nawa dangin yamma. Wanda ya san ƙasarmu ya san in an rabu haka, an rabu ke nan.

Sai na tuna Inna Yalwa. Na je wajen taubashina Cindo, ɗan kawuna, gwanin hawan dabino, mai ƙaramin yatsa na shida a hannun hagu.

Na ce, “Mai Shida, tashi ka ɗaura wa raƙumarka sirdi. Birnin Raɓa za mu.”

Ya ce, “Guntuwa, yunwa ce ta hau miki kai? Birnin da tsohuwa ta gani a mafarki?”

“In ba ka zuwa ba ni aron raƙumar. Ta fi ka hankali dama.”

Ya dube ni ya dubi matarsa Hansai. Ta ce, “Bi ta, Malam. In ta ɓata kai za a zaga.”

Na ɗauki gero, da ƙoƙon shan ruwa, da ɗan dutsen niƙan uwata, wanda ita ma ta gada wajen tata uwar. Baƙi ne, sumul, inda yatsu ke kamawa har ya yi gurbi. Duk inda muka sami falalen dutse sai in durƙusa in niƙa mana abin kunu.

Mun yi tafiya har fatar ƙafa ta sake, sannan muka iso Kwazazzabon Raɗa. Hanya ce siririya tsakanin ginshiƙan gishiri dogaye, masu kaifi, sun tsaya da ƙyar kamar haƙoran tsoho. Mutanen bakin kwazazzabon ba sa ɗaga murya, ko kukan jariri a cikin ƙwarya suke rufe shi. Da hannu suka nuna mana mu naɗe ƙafafun raƙuma da tsumma, mu cusa auduga a ƙararrawa, domin ƙaramin motsi ke kayar da ginshiƙi. Muka shiga muna sanɗa. Muna tsakiya ƙurar gishiri ta shiga hancin Cindo. Na ga fuskarsa ta yamutse, na yi masa daƙuwa, na zare masa ido, duk a banza. Ya saki atishawa irin ta gidansu. Sai na ji ƙas a sama. Na fizgi akala muka faɗa ƙarƙashin wani dutse mai baki kamar rumfa, gishiri ya yi ta zuba a bayanmu kamar ana juye buhu. Da ƙura ta lafa muka fito fari fat mu uku. Ban ce masa komai ba sai da muka fita. Abin da na ce masa bayan nan ba na rubutawa ba ne.

Daga nan ƙasa ta fara tashi. A gindin dutsen muka ga abin da ya sa Cindo zama daɓas a ƙasa: mazan dabino a daji, ba mai su, fure na zuba iska na kwashewa. A can sama kuwa ga birnin, farin hazo na gangarowa daga ganuwarsa kamar nono ya yi ambaliya.

Wadda ke riƙe da maƙerun birnin wata mace ce, Dudu, ana ce mata Uwar Maƙera. Ƙatuwa ce, hannunta duk tabon ƙuna, amma ta ce ba na wuta ba ne, na sanyi ne. Na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo mu.

Ta ce, “Baƙuwa, hura bayan hannunki da baki a wangale.” Na hura, na ji ɗumi. “To tsuke bakin ki sake.” Na ji sanyi. Ta ce, “Daga nan muke koya wa yara. Iska in an matse ta zafi take yi. Mu bar zafin ya fita, sannan mu sake ta ta ƙaramar kafa, sai ta yi sanyi. Sanyin nan mu sanyaya ta bayanta da shi, ita ma ta sanyaya ta bayanta. A yi ta yi, a yi ta yi, har iska ta gaji ta ɗiga.”

Cindo ya ce, “Ranki ya daɗe, ni dai iska ban taɓa ganin ta ɗiga ba sai in hanci ake nufi.”

Ta ce ya ciro takalminsa. Ta kama shi da awartaki ta tsoma a wata tukunya mai hayaƙi, ruwan ciki ya yi ta tafasa ba wuta. Ta ciro ta saki a ƙasa. Takalmin fata, wallahi, ya tarwatse kamar kasko. Cindo ya yini yana ɗingishi da ƙafa ɗaya a takalmi, yaran maƙera na binsa.

A birnin nan ba a ba mutum inji sai ya iya kwance shi ya haɗa da hannunsa, saboda haka muka zauna koyo. Gorar da suke zuba ruwan iska ta gilashi ce, gora cikin gora, tsakaninsu an zuƙe komai ba a bar ko numfashi ba, don zafi ya rasa abin takawa ya shiga. Wuyanta siriri kamar karan shan fura, shi ma don kada zafi ya sami faffaɗar hanya. Duk da haka ruwan yana ƙafewa a hankali, hanyarmu kuma ta fi ƙarfinsa. Don haka Dudu ta haɗa mana ƙaramin inji mai faifan madubi, wanda ke tara zafin rana ya motsa shi, yana mayar da abin da ya tashi ya koma ruwa. Ku ji iko: ranar da ta kashe mana fure ita za ta yi mana sanyi. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu kai da komo a cikin bututu. Suna da sunansu a can, ni taɓarya nake ce musu. An sa su suna fuskantar juna, wannan ta buga gabas waccan ta buga yamma a lokaci guda, sai girgizar ta cinye kanta.

Suna da al'ada. Inji ba ya fita ƙofar birni sai an ɗora masa ƙoƙon ruwa yana cikin aiki, mai shi ya leƙa. In ya ga fuskarsa sosai, a yi guɗa. In ruwan na rawa, a mayar maƙera, ko da na sarki ne.

Wata rana Dudu ta hau da ni hasumiyar da ke kan manyan injinansu. Ƙasan hasumiyar na kaɗawa har haƙorana na haɗuwa, amma a sama shiru. Na ga wani ƙaton dutse rataye da murɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa ya dawo, sifirin suke ce masa, dutsen sai tsalle yake shi kaɗai.

Na ce, “Uwar Maƙera, wannan mahaukacin fa? Ku ɗaure shi mana.”

Ta yi dariya. “Ku mutanen hamada komai sai ku ɗaure, komai sai ku toshe. In na ɗaure shi hasumiyar ce za ta yi tsallen. Shi ya karɓar mata rawar. Amma ba kowane dutse ba, sai nauyinsa ya dace da bugun injin. Ya yi yawa ya makara, ya yi kaɗan ya yi gaba. Kakana da kurfi ya yi ta sassaƙar wannan har ruwan ƙoƙo ya kwanta.”

Da mazan dabinon gindin dutse suka buɗe sosai, Cindo ya hau ya yanko. Muka shanya garin a inuwa ya bushe, muka ɗura a 'yan ƙananan bututun azurfa, muka zura cikin gora. Dudu ta ba mu gora ta biyu cike da ruwan iska don ƙari. Ta rataye injin da gorar fure a cikin akwaku, a kan sifirin, yadda tafiyar raƙuma ba za ta taɓa su ba. Na leƙa ƙoƙo na ga fuskata, aka yi guɗa. Ladanta ta ce kwandon dabinon farko, don a dutsensu ba abin zaƙi.

A ƙofar birni ta kama kunnen Cindo kamar yaro. “Kai mai takalmi ɗaya, bakin gora a buɗe yake zama. Auduga kawai. Dole ta yi numfashi. Ka ji?”

“Na ji, ranki ya daɗe.”

Ya ji ɗin. Amma jin kunne daban, abin da aka raini mutum da shi daban. Muna tafe, gorar ƙari na fitar da ɗan farin tururi ta baki, Cindo na waiwaye yana tsaki. Ya ce, “Guntuwa, dubi yadda take zubewa a banza. Raina ba ya so.” Na ce ya kau da kai. Kullum sai ya faɗa, kullum sai na hana.

Muna gab da Kwazazzabon Raɗa muka sauka yada zango da hantsi. Na tafi wani falale niƙa. Ashe bawan Allah ya fere itace ya toshe gorar ƙari, ya liƙe da kaki, ya naɗe da ɗanyar fata, aiki mai kyau irin wanda uwarsa za ta sa masa albarka. Ina durƙushe na ji ƙara kamar tsawa ta faɗo. Na sheƙo a guje. Farin hayaƙi ya rufe wurin, raƙuma ta tsinke ta yi daji, Cindo na zaune riƙe da hannu jini na zuba. Gilashi ya tafi da yatsan nan na shida.

Na yage gefen zanena na ɗaure masa. Yana kuka, ba na ciwo ba. Ya ce, “Tasalla, na kashe garinmu.” Tun muna yara bai taɓa kiran sunana ba.

Na ce, “Rufe min baki. Ka dai koma mai biyar kamar kowa. Tashi ka kamo raƙuma.”

Gorar fure ba ta fashe ba, Allah ya tsare. Amma wani ɓaraguzi ya lotsa bututun taɓarya ɗaya, ta tsaya cak. Ɗayar na ta bugu ita kaɗai, akwakun na karkarwa kamar mai masassara, siririn wuyan gorar na ƙara ƙis-ƙis. Na juyar da madubin, injin ya tsaya. Na zauna na dafa kai. In na bar shi a kashe, ruwan zai ƙafe tun ba mu ga Marmaro ba, kuma babu na ƙari. In na tayar, wuyan zai karye. Ko bai karye ba, wannan karkarwa a cikin kwazazzabo kabarinmu ce.

Sai dutsen hasumiya ya faɗo min a rai.

Na kwance matacciyar taɓaryar kamar yadda aka koya min, na toshe gurbinta, na ciro sifirin ɗinta na ɗaura a jikin injin, a miƙe da inda mai ran ke bugawa. Na zuba ruwa a ƙoƙo, ruwan da za mu sha ne, na ɗora. Muka fara gwaji. Ƙararrawar raƙuma ta yi sauƙi. Falalen ya fi ƙarfin sara, sauran duwatsun wurin kuwa duk gishiri ne, da an ɗaure sai su marmashe. Har takalmin Cindo mun gwada. Ruwan ƙoƙo sai tsalle yake yana fantsalowa.

Cindo ya kalli ƙunshina. Ni ma na san abin da yake kallo.

Na ɗauko ɗan dutsen uwata na ɗaure shi tam da tsirkiya. Na tayar da inji. Rawar ta ragu, amma dutsen na makara, nauyi ya yi masa yawa. Na kashe. Na ɗauki guduma da kurfi daga kayan da Dudu ta ba mu, na daɗe ina riƙe da su.

Cindo ya ce, “Kawo in yi miki.”

“Da wane hannun? Matsa.”

Na ce, “Inna, ki yafe ni,” na buga. Ɓalli ya fita. Na tayar, na leƙa, na kashe, na sake bugawa. Kaɗan-kaɗan, don abin da ya fita ba ya komawa. Gefen da uwata take niƙa barkono ya tafi. Gurbin babban yatsanta ya tafi, wannan kam na ji shi a ƙirji. Babba ta karkata, Ƙarama ta leƙo, ina ta yi. Can na ɓalle wani ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake na tayar. Dutsen ya kama tsalle shi kaɗai kamar an yi masa kiɗa, akwakun kuwa ya yi tsit. Na leƙa ƙoƙo. Ruwa ya kwanta. Na ga wata mata baƙa, ramammiya, da gishiri a gira, ta yi kama da uwata ƙwarai. Ba mai yi mana guɗa, sai Cindo ya yi da muryarsa ta gardi. Na ce ya adana ta, kwazazzabo na gaba.

Muka naɗe ƙafafun raƙuma. Na toshe hancin Cindo da auduga na sa ya ciji rawaninsa. Muka ratsa tsakanin ginshiƙan nan, inji na aiki a bayan raƙuma, ba ka jin komai sai ɗan numfashi kamar na jariri mai barci. Ko ƙwayar gishiri ba ta faɗo ba. Mutanen bakin kwazazzabon suka kewaye mu suna tafi da yatsa biyu, iyakar murnarsu ke nan.

Mun tarar da Marmaro an ɗaure kaya. Tabarmi a naɗe, tukwane a raga, furen matan dabino ya buɗe har na farko ya fara baƙi. Azumi ta fito da ciki ya tsufa, ta rungume ni ta ce, “Inna, kin rame.” Na ce, “Ke kuma kin yi ƙiba. Kawo min inuwa da faifai.” Na ciro bututun azurfa da awartaki, na bar su sanyin ya sake su a hankali. Garin ya fito rawaya, da ƙamshinsa, kamar jiya aka kakkaɓo. Cindo ya ɗaura igiya a ƙugu, da hannu mai ciwo, ya riga samari hawa. Aka yi ta aurarwa har ba macen da ta rage.

Sai jira. Kun san furen dabino 'ya'ya uku yake ɗaurawa. In bai karɓi gari ba, ukun su zauna su ƙanƙance, ba ƙwallo ba zaƙi. In ya karɓa, biyu su faɗi ɗaya ya kumbura. Kullum mutane na zuwa su duba ƙasa su koma, ba wanda ya kwance kayansa. Mijin Azumi har ya gyara sirdi. Ran nan da la'asar muna zaune iska ta kaɗa, sai muka ji taf, taf, taf a kan busassun ganye. Hansai ce ta fara rugawa. Ta dawo da tafin hannu cike da 'yan korayen ƙwayoyi, ta zuba min a cinya. Ƙarƙashin kowace bishiya haka. Tsofaffi na kuka, yara na tsinta suna jifan juna. Cindo ya zo ya tsaya a kaina ya ce, “Guntuwa, ashe tsohuwar nan ba mafarki ta yi ba.” Na ce, “Je ka gaya mata a kabarinta, Mai Shida.” Ya duba hannunsa ya ce, “Shidan fa?” Na ce sunan ya zauna.

Ɗan dutsen uwata ban kwance shi ba. Baɗi ma za a koma, da kwandon Dudu, har sababbin mazanmu su girma, kuma ba wani dutsen da ya san bugun injin nan sai shi. Yana nan har yau, kun sha ganinsa, kuna tambaya me ya gutsure shi.

Washegari da safe na shiga ɗakin Azumi na kwance igiyar kayanta da hannuna, na shimfiɗa mata tabarma inda take tun farko. Ta ce tana marmarin kunu. Na jiƙa gero, na durƙusa gaban dutsen niƙa, na miƙa hannu inda na saba, na ji wayam. Sai na yafa mayafi na tafi gidan Cindo, na yi sallama, na ce wa Hansai ta ba ni aron nasu.

Har yau ban mayar ba.